Wanda Ya Taɓa Mini Wuƙa a Gidimuni

Shekara guda kafin a ba mu mulkin kai, ana tsakiyar bazara, aka aiko mini daga Gidimuni. Wani mai garkar rake da dabino ne ya yi niyyar Makka ta ƙasa, yana son a yi masa gafakar da zai sa Alƙur'aninsa. Littafin na kakansa ne, rubutun hannu, kuma ya ce ba zai fita daga gidansa ba sai ranar da shi kansa zai fita da shi. Tun da littafi ba zai zo Damagaram ba, sai baduku ya je. Ni ne badukun.

Ina da tsarin da nake haɗa kaya in zan yi tafiya, ban taɓa sauya shi ba. Na farko fata. Na ɗauki jajayen fatun akuya biyu, jimar Birni, da guntun ƙirgi, wato fatar sa mai kauri, na ƙarfafa ciki. Na biyu kayan ɗinki, wato basilla da allura da zare da kakin zuma. Na uku wuƙaƙe, su ma biyu. Ɗaya ta guzuri ce, ta yankan nama da igiya, irin wadda kowa ke da ita. Ɗayar ita ce ta aiki, wadda na gada wurin mahaifina.

Dole in yi bayanin wannan wuƙa, in ba haka ba ba za a gane abin da ya same ni ba. Wuƙar mahauci gefe biyu ake wasa ta, baki ya tsaya a tsakiya. Tamu ta fere fata gefe ɗaya ake wasawa. Bayanta a shafe yake sumul, ba a kai shi kan dutse sai dai a kwance. Wannan shafaffen bayan shi ke bin fata, bakin yana ɗebe kauri kaɗan kaɗan, har gefen fatar ya zama kamar ɓawon albasa, ya naɗu ba tare da ya yi tudu ba. In aka yi wa bayan gangare, wuƙa ba ta kwanciya. Sai ka ɗaga hannu kafin ta kama, da ta kama kuwa sai ta nutse.

Duwatsun washi biyu gare ni. Babban, mai cin ƙarfe, a binne yake rabi a ƙasa a bakin rumfarmu, ba ya tafiya. Ƙaramin, mai laushi, wanda bai wuce tafin hannu ba, shi nake tafiya da shi. Aikinsa tada kaifi ne kawai. Ba ya gyara wuƙar da aka ɓata, ni kuma ban bar gida da shirin a ɓata mini wuƙa ba.

Na hau kamiyo, babbar motar kaya da ke zuwa Gure ɗaukar kanwa. Shofer ya ce in jefa jakata can kan kaya, na ce a cinyata za ta zauna. Muka wuce Mirriya, rana na ƙuna, muka isa Gidimuni bayan la'asar. Tun daga kan tudu na hango tafkin da bishiyoyin dabino sun kewaye shi.

Mai gidan ya karɓe ni da mutunci. Mutanen gari tun a lokacin suna kiransa Alhajin gobe, shi kuma yana cewa su bari sai ya dawo. Ya ba ni zaurensa, nan zan kwana, nan zan yi aiki. A kusurwar zauren akwai buzu, a kansa wani tsoho yana zaune da tasbaha. Mai gidan ya ce wan mahaifinsa ne, da can shi ne babban mahaucin garin, yanzu ido ya tafi. Na durƙusa na gaishe shi. Ya riƙe hannuna yana shafa yatsuna, ya ce, "Hannun mai aiki ne." Daga nan ban ƙara sa shi a lissafi ba.

Mai gidan ya faɗa mini iyakar lokacina. Ayarin maniyyata zai taso daga Damagaram cikin kamiyo, ya biyo ta Gidimuni ranar Litinin da hantsi. An riga an gama masa takardu a wurin kumandan, Baturen da ke mulkin yankin. Motar ba ta jiran kowa. In gafaka ba ta kammala ba, ko dai ya naɗe littafin kakansa a tsumma ya kai shi har Makka, ko ya bar shi a gida, kuma duk garin ya san daga birni aka ɗauko baduku.

Washegari Alhamis na fara. Ya yi alwala ya fito da littafin, na auna da zare ba tare da na taɓa ganyensa ba. Na yanka ƙirgi. Na shimfiɗa jar fata ta farko, na zana, na yanka. Ina cikin fere gefen farko, sai aka yi sallama.

Wani mutum ne gajere, kakkaura, hannuwansa baƙi ƙirin da rini. Ba sai an gaya mini sana'arsa ba.

"Sannu da aiki, mutumin birni. An ce kai aka ɗauko mana."

"Aikowa aka yi, na zo."

"To madalla. Ni ne badukun garin nan, in har ana kiran mai ɗinkin guga baduku. Mu guga muka iya da takalmin shiga ƙaya. Abin Makka sai ku."

Mai gidan ya yi dariya ya ce, "Kai dai ba ka rabuwa da tsiya." Ni ban yi dariya ba. Mutumin ya tsuguna, ya taɓa fatata, ya shinshina ta. Sannan ya miƙa hannu ya ɗauki wuƙata ba tare da ya nemi izini ba. A wurinmu ba a yin haka, ko ɗan'uwanka ne. Ya juya ta, ya bi bayanta da babban yatsa, ya daɗe yana kallo. Ya ajiye. Da zai fita ya tsaya wurin tsohon, ya sunkuya, suka yi ƴar magana ƙasa-ƙasa da dariya. Na ɗauka gaisuwa ce.

Ranar Juma'a na yi aikin safe, wuƙa na tafiya yadda na san ta. Da lokaci ya yi na goge ta, na mai da ita kube, na sa a jaka, na ɗaure bakin jakar, na rataye a turken bango. Muka tafi masallaci da mai gidan. Tsohon ba ya iya tafiyar, a gida yake sallarsa. Ina zaune a sahu na lura da abu ɗaya: badukun garin bai shigo ba sai da liman ya kusa gama huɗuba, ya tsaya a can baya yana haki.

Bayan an sauko mai gidan ya ja ni garkarsa, ya sa aka saro mini rake. Sai wajen la'asar na koma kan aiki. Yana tsaye a kaina yana tambaya ko za a yi wa marufin ado, na zaro wuƙa na ɗora a gefen marufin, na tura kamar kullum. Ba ta kama ba. Na ɗan ɗaga hannu. Sai ta nutse, ta ratsa fatar, ta tafi da tsawon yatsa guda a daidai inda ido zai fara sauka.

Na dafe wurin da tafin hannuna.

"Lafiya, baduku?"

"Lafiya. Adon sai an gama ɗinki."

Ya fita. Na kai wuƙar bakin ƙofa inda haske yake, na juya ta. An yi wa bayanta gangare tun daga ƙota har tsini. Bayan da mahaifina ya tsare duk rayuwarsa, ni ma na tsare, an cinye shi a yini guda. Na duba jakar. Ni ɗaurin zarge nake yi. Wannan ƙulli biyu ne, irin na ɗaure ƙafar dabba.

Ban yi ihu ba, ban kira kowa ba. Baƙo da ya yi ihu a garin da bai sani ba, ya gaya wa mai laifi cewa ya ɓuya. Na zauna na bi abin daki-daki.

Da farko na cire yara. Yaro in ya sami wuƙa sara yake yi da ita, da na ga giɓi a baki. Babu giɓi. Sannan na cire matan gida. Da su suka ara, da ta dawo a dakushe da warin albasa, ba a washe ba. Sannan maƙeri. Maƙeri da magagari yake aiki, sawun magagari kuwa daban yake. Wannan sawun dutse ne mai kaushi, a jere, kowane ja daidai da ɗan'uwansa. Hannun da ya yi wannan ya san wuƙa. Ya kuma san zan daɗe a waje. Mutum ɗaya ne ya riƙe wuƙar ya duba bayanta, shi ne aka tsallake aka aika birni, shi ne kuma ya makara a masallaci.

Ban tsaya nan ba, domin zargi in ya shiga zuciya ba ya zama wuri ɗaya. Na tambayi kaina me ya sa mai gidan ya ja ni garka a ranar, alhali ya san lokaci ya ƙure. Na tambayi kaina wa ya nuna wa badukun turken da nake rataye jaka. Da aka kawo tuwo da yamma na ci kaɗan, ina kallon hannun kowa.

Abin da ya rage mini shi ne jar fata guda, wadda da ƙyar za ta isa, da wuƙar da ba ta aiki, da dutsen da ba zai iya gyara ta ba. Wanda ya ɓata wuƙa zai iya zuba wa fata mai ko toka. Saboda haka na naɗe fatar da ta rage a cikina, na ɗaure da zare, na sa riga a kai. A bazarar Gidimuni. Wuƙar aiki kuma na ɗaure ta a damtse. Fatar da ta tsage na ninke ta yadda tsagar ba za ta fito ba, na bar ta a fili don a ga kamar aiki na tafiya.

Da safe ranar Asabar na shirya abin da zan yi. Na ɗauko wuƙar guzuri, na goga bakinta a dokin ƙofa har ta daina yanka zare. Na sa ta a jaka, na rataye. Da hantsi masu gaisuwa suka taru a zauren, har da badukun.

"Mutumin birni, yau ba a jin motsin aiki. Ko zafinmu ya fi na Damagaram? Ga ka sai zufa kake yi kamar an ɗaura maka tanderu."

"Zufar lafiya ce."

"Allah ya sa. In kana son taimako, rumfata na bakin kasuwa."

Na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce, "Taimakon da nake so ba naka ba ne. Wuƙar guzurina ce ta dakushe, ga ta can a jaka, ko rake ba ta ferewa. Bari in je bakin tafki in wanke riga, in na dawo na san yadda zan yi da ita."

Na fita, na bi hanyar tafki har aka daina ganina, na zagayo ta bayan rumbuna. A jikin dangar gidan akwai wata kafa da ke kallon ƙofar zaure ta ciki. Nan na tsuguna, rana a tsakar kaina, fata na manne a cikina.

Masu gaisuwa suka watse. Badukun ya fita tare da su, har yana waige. Na ce a raina zai dawo. Na jira har ƙafafuna suka mutu. Kaji suka zo suka dube ni suka wuce. Bai dawo ba.

Sai na ji ƙarar sanda a ƙasa. Tsohon ne ya fito daga zauren ta ƙofar ciki, yana lalube da sanda a hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da wuƙata ta guzuri. Ya bi jikin bango ba tare da ya yi tuntuɓe ba, har gindin wata kurna. A nan akwai dutse baƙi, babba, binne a ƙasa, tsakiyarsa ya lotsa kamar akushi. Ya zauna, ya jawo buta, ya zuba ruwa, ya yi bisimilla, ya fara ja. Gefe ɗaya, ya juya, ɗaya gefen. Kowane ja daidai da ɗan'uwansa.

Na zagaya na shigo, na tsaya a kansa.

"Baba, sannu da aiki."

Bai firgita ba. "Ɗan birni ne? Har ka wanke rigar? Ban ji ɗigar ruwa ba."

"Baba, wa ya ba ka wuƙata?"

"Wa zai ba ni? Kai ka ce ta dakushe. Ni makaho ne, ba kurma ba."

"Ta jiya fa? Wadda ke cikin jan kube?"

"Ita ma ni ne. Ba sai ka yi godiya ba." Ya gwada bakin a farcensa. "Tun ina da ido, ƙarfe ba ya kwana a dakushe a gidan nan. Duk Juma'a in mutane sun tafi masallaci nake bin su ɗaya-ɗaya, na kicin ɗin mata, da lauje, da na yankan rake. In akwai baƙo, da tasa nake farawa. A ce mutum ya sauka a gidan mahauci ya tashi da wuƙa rabi? Kai ma da sakaci. Ƙarfe mai kyau haka, ka wasa gefe ɗaya ka gaji? Sai da na sha wuya kafin na tada mata bayan nan."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Amma tsoho ne, kuma a gidansa nake. Na tambayi abin da ya fi damuna.

"Ya aka yi ka san gefe ɗaya ce, alhali ba ka taɓa riƙe ta ba?"

"Yaron nan mai guga ya gaya mini. Ya ce, Baba, baƙonku abin tausayi, wuƙarsa gefe ɗaya gare ta, ga ta can yana fama. Na ce a bar ni da ita."

Na koma zaure, na ɗauko fatar da ta tsage, na warware ta, na sa masa a hannu. Na kama yatsansa na ɗora a gefen da na fere ranar Alhamis.

"Wannan da wuƙar ne kafin ka taɓa ta."

Ya murza gefen a tsakanin yatsu. "Kai! Wannan fata ce ko ganye?"

Na matsar da yatsan zuwa tsagar. "Wannan kuma bayan ka taɓa ta."

Yatsansa ya shige ta cikin ramin ya fito ta baya. Ya sake bin tsagar daga farko zuwa ƙarshe. Na yi masa bayanin shafaffen baya kamar yadda na yi a sama, yana saurare, kansa a sunkuye.

"Na fiɗe dabbar da ban san iyakarta ba," in ji shi. "Majema har daga Mirriya suke zuwa neman fatata, domin ba a taɓa samun huda a jikinta ba. Yau da tsufana na huda fata. Ta Alƙur'ani kuma." Ya ajiye ta a cinyarsa. "Tana gyaruwa?"

"Fatar ba ta gyaruwa. Wuƙar tana gyaruwa, in an cinye bakin har a wuce inda ka taɓa. Sai da dutse mai ci, kuma shimfiɗaɗɗe. Naka yana da ci, amma ya lotsa. In na ja a cikin wannan ramin, bakin zai fito a lanƙwashe."

"To?"

"Sai an tono shi an kifa. Cikinsa da ke ƙasa ba a taɓa shi ba."

Ya ɗora hannu biyu a kan dutsen. "Ubana ya binne shi a nan. Ramin nan da kake rainawa, rabinsa hannunsa ne, rabi nawa. Ko a duhu na san inda zan sa ƙarfe."

"Wuƙar ma ubana ya bar mini."

Muna haka mai gidan ya shigo. Ya ga fata a tsage a cinyar wan mahaifinsa, ya ga ni ina zare wata daga ƙarƙashin riga, jiƙe da zufa a gefe. Na gaya masa komai a jere. Ya riƙe baki.

"Baduku, tun jiya kana ɗauke da wannan a cikinka ba ka faɗa ba? Wa kake tsoro a gidana?"

"Kowa, Malam, har sai na san ko wane ne."

Bai ji daɗin amsar ba, na gani a fuskarsa. Ya buɗe baki zai yi magana, tsohon ya riga shi.

"Kai, bar surutu. Kawo fartanya."

Muka tone dutsen ni da mai gidan, muka kifa shi. Cikinsa a shimfiɗe yake, sai ƙasa da saiwoyi. Na wanke shi, na goge da yashi da wani guntun dutse har ya daina kama yatsa, na daidaita shi da tsakuwa don kada ya yi rawa.

Ga yadda ake gyara irin wannan ɓarna, ga wanda ta same shi a hanya. Da farko ka tsai da wuƙar a kan bakinta, ka ja, ka kashe kaifin gaba ɗaya. Wannan shi ne mafi ciwo, domin da hannunka kake cinye ƙarfenka. Kana ja kana duba baya, har gangaren da aka yi ya ɓace, ya rage shafaffen wuri kaɗai. Bayan haka ka kwantar da gefen gaba, ka sake fitar da gangarensa daga farko, hannu a kafe, ba a lilo. Kada dutse ya bushe. In ka ji wani ɗan gashin ƙarfe ya taso ta baya tun daga ƙota har tsini, ka isa. Sai ka koma kan ƙaramin dutse. A nan ne kawai baya ke taɓa dutse, a kwance, ba ɗagawa ko kaɗan. Daga ƙarshe ka goge a kan ƙirgi.

Faɗinsa ya fi yinsa sauƙi. Na fara rana na tsaka, ban tashi ba sai don salla. Tsohon ya ƙi komawa zaure. Ya zauna gefena da buta, da ya ji muryar dutse ta sauya sai ya zuba ruwa kafin in nema.

"Ka danne da yawa wajen tsini."

"Ban danne ba."

"Ka danne. Ina jin kukanta. Ku dukawa kun iya gardama, alhali mu ke ba ku fatar."

Na sassauta. Can kuma ya miƙo hannu. "Kawo in ji inda aka kai."

"Baba, ji da kunne ya isa."

Ya yi dariya har da tari. "Ba ka yarda da ni ba."

"Ban yarda ba."

Kafin magariba gashin ƙarfen ya taso. Yatsuna biyu sun sale. Wuƙar ta rasa kusan faɗin yatsa, ta koma siririya kamar ba ita ba. Na gwada a kan tsagaggiyar fatar. Ta kwanta, ta bi, ta ɗebo ɓawo mai haske. Na sa wa tsohon a tafin hannu. Ya hura shi ya tashi.

Ranar Lahadi ban bar zauren ba, na kuma ce kada a bar kowa ya shigo. Na shanya fata ta biyu a inuwa ta sha iska, na zana ta sau biyu kafin in yanka, domin babu ta uku. Ta isa jiki da marufi, sai dai marufin ya gaza wanda na yi niyya da ɗan kaɗan. Tsagaggiyar na yanka ta na yi maratayi da shafin ciki, tsagar ta tafi cikin abin da aka zubar. Na fere, na naɗe, na manne, na ɗinke. Adon da mai gidan ya so ban yi shi duka ba, layi biyu na baƙi kawai na ja a gefe.

Litinin da safe ya yi alwala ya sa littafin. Ya shiga daidai, ba matsi, ba girgiza. Ya rufe, ya rataya, ya yi tafiya da ita daga bango zuwa bango. Ya ce, "Baduku, Allah ya yi albarka."

Duk garin ya fito bakin hanya rakiya. Badukun yana cikinsu. Ya nemi ganin gafakar, ya juya ta, ya bi gefen da farce yana neman tudu. Na bar shi ya gama, sannan na yi magana a gaban mutane.

"Kai ka ce wa Baba wuƙata gefe ɗaya gare ta."

"Ƙarya na yi?"

"Ba ka san dalilin ba?"

"Ni? Mai guga? Ina zan san sirrin birni? Tausayi ne ya kama ni, mutumin kirki, na ga baƙo da wuƙa rabi."

Mutane suka yi dariya, wani ya ce a bar zancen, ranar farin ciki ce. Kamiyo ya iso, aka ɗora mai gidan, gafaka a ƙirjinsa, mata na guɗa daga bayan danga. Motar ta nufi gabas.

Na koma na yi sallama da tsohon. Na same shi a gindin kurna, yana shafa sabuwar fuskar dutsen da hannu biyu, yana neman inda zai fara. Na ce in yana so mu mai da shi yadda yake. Ya ce a bar shi, ko wani baƙon zai zo da wuƙa irin tawa.

Motar komawa Damagaram a bakin kasuwa take tsayawa, dab da rumfar badukun. Na tsaya jira a inuwarta ba tare da an gayyace ni ba. Yana ɗinkin guga. Kayan aikinsa na baje a kan buzu, na bi su da ido ɗaya bayan ɗaya: basilla, guduma, babbar wuƙar yankan ƙirgi. Kusa da gwiwarsa akwai wata ƙarama, ƙotarta ta sha hannu, tana kife. Bayanta a shafe yake sumul.

Ya ga inda nake kallo. Ya jawo wani guntun ƙirgi ya ɗora a kai, ya ci gaba da ɗinki.

"Allah ya kiyaye hanya, mutumin birni. A gai da Damagaram."

Na ce amin. Motar ta zo, shofer ya ce in jefa jaka kan kaya. Wannan karon na jefa, domin babu abin da ya rage a cikinta sai zare da basilla da sauran ƙananan kaya. Wuƙar tana ɗaure a damtsena, kuma tun daga ranar, in dai ba a rumfarmu nake ba, a nan take zama, ko masallaci zan shiga.